Aikin jami'in wasanni a ƙaramar hukuma: sana'a ce da za a riƙe har ritaya?

Matashin_Ringim:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawarar manya nake nema. Ga mai NCE ko digiri a PHE, wato ilimin motsa jiki da lafiya, shin aikin jami'in wasanni a ƙaramar hukuma abu ne da mutum zai riƙe a matsayin sana'a? Ta wace ƙofa ake shiga, a wane mataki ake farawa, kuma me mutum yake yi daga Litinin zuwa Juma'a? Wasu na cewa kujera ce kawai, babu abin yi sai lokacin kofin ciyaman ya zagayo. Don Allah wanda ya san kan abin ya warware mana.

Tsohon_Maaikaci:
Wa'alaikumus salam ɗana. Bari in fara da ƙofar shiga. Ma'aikatan ƙaramar hukuma kashi biyu ne. Daga mataki na 01 zuwa na 06 ƙananan ma'aikata ne, ƙaramar hukumar ce ke kula da al'amarinsu. Daga mataki na 07 zuwa sama kuwa, ɗauka da ƙarin girma da canjin wurin aiki da ladabtarwa duk suna hannun hukumar kula da ma'aikatan ƙananan hukumomi ta jiha. Mai NCE a mataki na 07 yake farawa, mai digiri ko HND a na 08. Ke nan takardar ɗaukarka daga Dutse za ta fito idan a Jigawa kake, ko daga birnin Kano idan a Kano ne. Duk wanda ya ba ka wata takarda daga ofishin ciyaman ya ce an ɗauke ka a mataki na 07, ka bincika sosai, don sau da yawa aikin wucin gadi ne, yana tafiya tare da wanda ya bayar da shi.

Wasanni ba sashe ba ne mai cin gashin kansa. Reshe ne a ƙarƙashin wani sashe, a wasu wurare na ci gaban al'umma, a wasu na ilimi da walwalar jama'a. Akwai shugaban sashe a samanka, sai DPM, wato daraktan kula da ma'aikata, sai ciyaman. Ka kuma sani cewa za a iya ɗauke ka daga ƙaramar hukumarku a kai ka kowace daga cikin 27 na Jigawa ko 44 na Kano. Ritaya shekara 35 a aiki ko shekara 60 da haihuwa, duk wadda ta riga zuwa.

Abu_Kazaure:
Gaskiyar magana guraben kaɗan ne. Mutum ɗaya ko biyu ne a ƙaramar hukuma guda, kuma ba kowace shekara ake ɗauka ba. Mai PHE ya fi saurin samun koyarwa a ƙarƙashin SUBEB, hukumar ilimin matakin farko ta jiha. Ni shawarata ya kama koyarwa tukuna, in gurbi ya samu ya nemi a canza masa layin aiki.

Malama_Gumel:
Ina bayan Malam Abu a nan. Malamin da ya shirya gasar wasanni tsakanin gidajen ɗalibai sau biyu ko uku ya riga ya koyi rabin aikin. Ya san yadda ake jera yara, ya san iyaye, ya san hedimastoci.

Tsohon_Maaikaci:
Haka ne, amma a gane cewa malamin firamare yana ƙarƙashin SUBEB da ofishin sakataren ilimi, ba ƙarƙashin hukumar da na ambata ba. Komawa daga can zuwa nan sai an rubuta neman canjin wurin aiki, wancan ɓangare ya sake ka, wannan ya karɓe ka a rubuce. Wanda ya tashi da baki kawai zai wayi gari sunansa ya ɓace a takardar albashi ta ɓangarorin biyu.

Koci_Danbatta:
Tambayarsa ta uku ita ce mai nauyi, me ake yi kullum. Matashin_Ringim, ka cire a ranka cewa horar da 'yan ƙwallo za ka je yi. Koci daban, jami'in wasanni daban. Aikinka na farko rajista ne. Ka sami babban littafi, kowace mazaɓa da shafukanta: filaye nawa ne, na waye, na makaranta ne ko na gari ko filin idi, faɗinsa da tsawonsa, akwai turakun raga ko babu. Kulob nawa ne, wa ke riƙe da su, suna da rajista da hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha ko a'a. Alƙalan wasa nawa ne masu takarda. Makarantu nawa ne ke da malamin PHE. 'Yan dambe da 'yan kokawa su waye, wa ke sarautarsu. Jigawa na da mazaɓu 287, Kano 484, wato kowace ƙaramar hukuma goma ko sama da haka. Zagaya su a kan babur da cike littafin nan kaɗai zai ci maka watanni. Jami'in da ba shi da wannan littafi, ko an ba shi kuɗi bai san inda zai sa su ba.

Sakatare_Birniwa:
Na biyu kuma takarda. A nan yawancin matasa ke karaya, don haka bari in ɗan tsawaita.

Kuɗin wasanni ba ya fitowa sai yana cikin kasafin shekara. Wajen ƙarshen shekara ake turo wa sassa takardar neman su kawo ƙiyasinsu. Idan ka yi barci a wannan lokacin, shekara mai zuwa duk memo ɗin da ka rubuta za a dawo maka da shi da jan biro cewa babu tanadi. Ka rubuta abu dalla-dalla: gasar mazaɓu, gasar firamare, gyaran fili kaza, sayen kaya, kai 'yan wasa gasar jiha. Kar ka dunƙule su a layi ɗaya ka ce "harkokin wasanni", shi ake fara yankewa.

In lokacin aiki ya zo, memo zai tashi daga teburinka zuwa shugaban sashe, zuwa DPM, zuwa ciyaman. Idan kuɗin da yawa sai ya shiga zaman kwamitin kuɗi, in ya wuce iyakar da aka ba ƙaramar hukuma sai an nemi amincewar ma'aikatar ƙananan hukumomi. Daga nan ma'aji ya sa a yi bauca, odita na cikin gida ya duba, sannan a biya. Kowane tebur na iya riƙe fayil mako guda, saboda haka gasar Disamba a watan Satumba ake rubuta ta. Ka haɗa da farashin kaya daga shaguna biyu ko uku, da jadawalin wasanni, da sunayen kwamiti.

Bayan gasa sai kawo shaidar yadda aka kashe kuɗin. Rasit na kowane abu, takardar da alƙalan wasa suka sa hannu cewa sun karɓi alawus, hotuna, da rahoto. Kuɗin da aka ba ka da sunanka bashi ne a kanka har sai ka kawo waɗannan. In ba ka kawo ba daga albashinka za a cire, kuma ba za a sake ba ka wani ba.

Dan_Gaya77:
Duk wannan bayani daidai ne a takarda. Amma a faɗa wa yaron nan gaskiya: kuɗin ba ya zuwa. Da asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, in an biya albashi abin da ke saura bai taka kara ya karya ba, kuma wasanni ne na ƙarshe a layi bayan ruwa da asibiti da tsaro.

Sakatare_Birniwa:
Ba a musa maka ba. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ran 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, sai dai hukunci daban, aiwatarwa daban. Ko da kuɗin ya iso gaba ɗaya, wanda ya sa abinsa a kasafi kuma fayil ɗinsa ya cika shi zai samu.

Koci_Danbatta:
Dan_Gaya77, shi ya sa ake tsara gasa daidai da aljihu. Lissafin mai sauƙi ne. A gasar sili-ɗaya-ƙwale, yawan wasanni shi ne yawan ƙungiyoyi a cire ɗaya. Mazaɓa 11 wasa 10 ke nan. Da yake 11 ba ta rabuwa daidai, sai ka cire ta daga 16, saura 5. Ƙungiya 5 za su tsallake zagayen farko ta hanyar ƙuri'a, sauran 6 su buga wasa 3, sai a sami 8 cif. Idan kuma rukuni kake so da ƙungiya 10, rukuni biyu na biyar-biyar, kowane rukuni wasa 10, jimla 20, ga na kusa da ƙarshe 2, ga na neman na uku, ga na ƙarshe, 24 ke nan. Kowane wasa yana cin alawus ɗin alƙali da mataimakansa biyu, da ruwa, da mai na babura, da ɗan abin da za a ba jami'an tsaro. Kuskuren da aka fi yi shi ne a zaɓi tsarin wasa 24 da kuɗin wasa 10, sai gasa ta mutu a tsakiya, kuma sunan jami'in ne ke ɓaci ba na wanda ya hana kuɗi ba.

Lokaci ma abin lura ne. Da damina yara suna gona, wasu filayen ma an shuke su. Da bazara zafi na haura digiri 40. Lokacin da ya fi shi ne bayan kaka, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, a kauce wa azumi da ranar kasuwar garin. A Nuwamba da Disamba rana na faɗuwa wajen ƙarfe shida. In an take wasa huɗu da kwata bayan la'asar, minti 90 da hutun 15 sun kai ka shida, babu hasken bugun fenariti. Sai a rubuta a dokar gasa cewa minti 35 ko 40 ne kowane ɓangare, in an yi canjaras a tafi fenariti kai tsaye.

Rafali_Hadejia:
Tunda an taɓo dokar gasa. A rubuta ta, a karanta ta gaban shugabannin ƙungiyoyi, kowa ya sa hannu kafin a jefa ƙuri'a. Abin da dole ya shiga: yawan 'yan wasan da za a yi wa rajista, ranar rufe rajista, ɗan wasa ɗan mazaɓar ne ko an yarda da haya, minti nawa za a jira ƙungiyar da ta makara, hukuncin wanda magoya bayansa suka shiga fili, da awa nawa ake da su a shigar da ƙorafi a rubuce. Kowane ɗan wasa da katinsa mai hoto da hatimi, a duba kafin a shiga fili. Rikicin gasar ƙauye kusan duk daga ɗan haya yake tasowa.

Kar a sa alƙali ya hura wasan garinsu ko na garin surukansa. A biya shi a ranar, gaban kwamiti. Wasan da aka san akwai tsohuwar gaba tsakanin garuruwan biyu a kai shi filin da ba na kowa ba, a ja igiya mita uku daga layi, a rubuta wa DPO da sibil difens da Hisba tun mako guda kafin ranar. Hakimi kuma a je masa da ƙafa tun kafin a buga takarda, shi zai kira dagatai ya ja musu kunne.

Injiniya_Bichi:
Ni maganar fili zan yi, don shi ne abin da ke saura bayan an manta da wanda ya ci kofi.

Dokar ƙwallo ta yarda da tsawon mita 90 zuwa 120, faɗi 45 zuwa 90. In wuri ya isa, 100 da 64 ya wadatar. Tsawon ya miƙe kudu da arewa, domin in ya fuskanci gabas da yamma, mai tsaron raga ɗaya zai yini rana na dukan idonsa da la'asar. Don kusurwa ta fita daidai, a ɗaure igiya a auna mita 6 a gefe ɗaya, 8 a ɗaya gefen, tsakaninsu ya ba da 10. In an gama kusurwa huɗu a auna daga kusurwa zuwa kishiyarta, a filin 100 da 64 ya kamata a sami kusan mita 118.7 ta kowane ɓangare. In suka bambanta, filin ya karkace. Raga faɗinta mita 7.32, tsayinta 2.44, ana aunawa daga ciki. Ɗigon fenariti mita 11, babban gida 16.5, ƙaramin gida 5.5, da'irar tsakiya 9.15 daga ɗigon tsakiya zuwa layinta.

Turaku a yi su da bututun ƙarfe inci huɗu, a yanke su sun haura mita uku kaɗan, a binne kamar santimita 60 cikin kankare. Na itace gara na cinye su, na ƙarfen da ba a binne da siminti ba kuma ko a sace ko ya faɗo kan yaro mai lilo. Layi a ja shi da toka ko farar ƙasa. Kafin wasa a sa yara su jeru su tsince fasassun kwalabe da duwatsu, a share tsidau da ƙarangiya, don da yawa ba takalmi suke bugawa.

Babbar matsalar ita ce cin iyaka. Filin da ba shi da takarda, yau mai gona ya ƙara kunya biyu, gobe an yanka fuloti. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon bayar da shaidar mallaka a karkara. Jami'in wasanni ya haɗa kai da jami'in filaye da dagaci, a auna, a kafa duwatsun shaida, a buɗe fayil, a dasa darbejiya a kewaye. Wannan ba ya cin kuɗi mai yawa, kuma jami'in da ya tsare wa mazaɓunsa fili goma ya yi aikin da ya fi gasa goma.

Matashin_Ringim:
Allah ya saka da alheri, ina rubutawa. To maganar ci gaba fa? Mutum zai tsaya ne a wuri ɗaya?

Tsohon_Maaikaci:
A ƙa'ida daga mataki na 07 zuwa na 14 ana duba ƙarin girma bayan shekara uku-uku, in akwai gurbi, an cike fom ɗin auna ƙwazo na shekara, kuma an ci jarrabawa ko ganawa. Tsanin mai NCE gajere ne, digiri ke buɗe sama. Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello duk suna da wannan fanni. Amma ka nemi izinin ƙaro karatu a rubuce kafin ka tafi, in ba haka ba za ka dawo da takarda a ƙi amfani da ita. Akwai kuma Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Surulere a Legas, tana ba da horo kan koci da gudanar da wasanni. Abin da ba zan ɓoye maka ba shi ne, reshen ƙarami ne, kuma masu son kaiwa shugaban sashe sau da yawa sai sun koma layin mulki ko na ci gaban al'umma.

Dan_Gaya77:
To kun ga abin da nake faɗa. Mai son wasanni da gaske ya nemi hukumar wasanni ta jiha, can ne ake zuwa gasar ƙasa.

Malama_Gumel:
Yallaɓai, 'yan wasan da jiha ke kaiwa daga ina suke fitowa? Gasar wasanni ta ƙasa tun 1973 ake yin ta, ga gasar matasa 'yan ƙasa da 15, ga kofin Ramat da ƙungiyar wasannin matasa ta ƙasa, YSFON, ke shiryawa a Kano. In babu mai tace yara a mazaɓa, 'yan cikin birni kaɗai za a riƙa kwasa.

Sannan duk maganar nan ƙwallon maza ake ta yi. 'Yan mata fa? A karkara ba a filin gari ake farawa ba, a cikin makaranta ne, da malama mace, da sanin iyaye da kwamitin makaranta. Ƙwallon raga fili mita 18 da 9 kawai take buƙata, tsayin raga 2.24 ga mata, 2.43 ga maza. Ƙwallon hannu 40 da 20. Guje-guje ba ya buƙatar komai sai layi da usur. Sutura dogon wando da riga mai dogon hannu da ɗan ƙaramin hijabi, ko a ƙwallon ƙafa tun 2014 doka ta yarda da rufe kai. A yi da safe cikin lokacin makaranta, kar a kai su wani gari su kwana. In aka kiyaye wannan, iyayen da suka ƙi da fari su ne ke zuwa kallo ranar gasa.

Abu_Kazaure:
A ƙara da masu buƙata ta musamman. Ƙwallon da waɗanda shan-inna ta shafa ke bugawa da hannu a kan allo mai taya, Misbahu Lawan Didi ɗan Kano ne ya ƙirƙiro ta. Siminti mai santsi take so, ko dandalin sakatariya ya isa.

Sarkin_Fawa_Jahun:
Ku 'yan boko kun manta da namu. Dambe da kokawa da langa suna cikin wasannin gargajiya da ake fafatawa a gasar ƙasa, kuma su ne ke tara jama'a da kaka ba tare da an roƙi kowa ba. Jami'in wasanni kar ya zo ya ce zai karɓe dambe daga hannun masu shi. Akwai sarkin dambe, akwai makaɗa, akwai ɓangarorin Kudu da Arewa da Guramaɗa, kowa ya san matsayinsa. Abin da ake so daga hukuma uku ne: a duba naɗin hannu kafin a shiga don kar a cusa wani abu, a haɗa mutane daidai nauyi, kar a sa yaro da ƙato, a kuma ajiye ma'aikacin lafiya a gefe. Turmi uku ne, wanda aka kashe, wato aka kayar, ya faɗi da ka kar a bari ya sake shiga ranar ko da ya rantse lafiyarsa ƙalau.

Nas_Sumaila:
Wannan na ƙarshe ya shafi ƙwallo ma. Yaron da suka yi karo da ka, ya rikice ko ya yi amai ko jiri, ya fita ke nan, a kai shi asibiti. A rubuta wa shugaban sashen lafiya ya ba da ma'aikaci ɗaya kowace ranar wasa, a kuma san motar da za ta ɗauki mai rauni tun kafin a fara. Akwatin agaji ya ƙunshi bandeji mai naɗewa, auduga, filasta, maganin wanke ciwo, safar hannu, almakashi, katakon ɗaure karaya, ƙanƙara a kula, da ORS, ƙulli ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Targaɗe a sa ƙanƙara cikin tsumma minti 15 zuwa 20, a naɗe, a ɗaga ƙafar. Abin da ke ɓata yara shi ne jan ƙafa a fili da sunan gyara. In ana zargin karaya a ɗaure yadda take, a tafi a ɗauki hoto.

Rafali_Hadejia:
Malama_Gumel ta ambaci 'yan ƙasa da 15. A nan ake jarraba amanar jami'i, don kociyoyi da ma wasu manya za su matsa a shigar da ƙato. A karkara takardar rantsuwar shekaru ba hujja ba ce, kowa na iya yankowa. A nemi takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya, in babu a koma rajistar shiga aji ɗaya a firamare, hedimasta ya sa hannu. FIFA tun 2009 take ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu don tantance shekaru a gasar 'yan ƙasa da 17, wanda aka rage wa shekaru a can zai tsaya.

Koci_Danbatta:
Rajistar kulob ma tana da amfanin da mutane ba su sani ba. A dokar FIFA, kashi 5 cikin 100 na kuɗin sayar da ɗan wasa zuwa wata ƙasa ana raba wa kulob ɗin da suka raine shi daga shekara 12 zuwa 23. Kulob ɗin da bai yi rajista da hukumar ƙwallo ba, bai kuma yi wa yaron rajista ba, ba shi da ko sisi. Jami'i ya tara masu kulob ya bi da su wannan hanyar, ya kuma gargaɗi iyaye kan masu karɓar kuɗi da sunan kai yaro gwaji Turai.

Dan_Gaya77:
Na ji duka, amma har yanzu ina kan bakana ta fuskar siyasa. Kofin ciyaman yakan zo ne dab da zaɓe, a buga hoton ɗan takara a jesi, a yi alƙawarin babur, a ƙare ba a bayar ba. Jami'in ne zai ci gaba da zama da matasan nan a gari.

Sakatare_Birniwa:
Maganin wannan a sayi kofi da kyaututtuka kafin wasan farko, a shigar da su sito da takarda, a nuna su ranar buɗewa. Abin da bai zo hannu ba kar a sanar da shi a lasifika. Ma'aikaci kuma ba ya sa hular jam'iyya, ɗan siyasa ya ba da gudummawa a gode masa, amma sunan gasar da dokarta na ƙaramar hukuma ne. Kayan da suka rage, ƙwallaye da raga da famfo da usur, a rubuta su a littafin sito, duk wanda ya ara ya sa hannu.

Matashin_Ringim:
Na gode ƙwarai iyayena. Abu ɗaya ya rage mini. Kafin gurbi ya fito, wace takarda ce ta fi amfani mutum ya nema, ta alƙalanci ko ta koci?

Rafali_Hadejia:
Ta alƙalanci ta fi sauƙin samu daga nan. Ka je ofishin hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha ka tambayi majalisar alƙalan wasa yaushe za su ɗauki sababbi, akwai darasi da jarrabawa da gwajin gudu. Ka tafi da hoto da takardar haihuwa da ta lafiya.

Koci_Danbatta:
Ni ta koci zan ce, don da yara zai yi aiki. Amma Malam Rafali ya yi gaskiya wajen sauƙi. Ya fara da wadda aka fara buɗewa, ya kuma je wajen jami'in wasannin ƙaramar hukumarsu ya nemi a sa shi cikin kwamitin gasar bana, ko rubuta katin 'yan wasa ne.